Taro Ba Mai Gayya

Ina gaishe da manoman fadamar Wurno, da masuntan bakin dam ɗin Goronyo, da mutanen Rabah da Gandi da Achida, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a rumfar kasuwa.

A bana, lokacin da shinkafar rani ta fara madara, na kwana a Wurno wajen wani aminina. Muna idar da sallar asuba muka gangara fadama. Mun tarar da ɗansa, yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya riga mu isa. Yana tsaye a kan wata 'yar rumfa da aka ɗaga da itace huɗu, igiya a hannunsa ta ratsa gonar har ƙarshe, an rataya mata gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki da yagaggun ledoji. Gari bai gama wayewa ba muka hango abin daga gabas, kamar hayaƙin da aka kunna a daji. Ya miƙe, ya lanƙwashe, ya tsinke biyu, ya sake haɗewa. Kafin ka ce kwabo ya zubo a gonar maƙwabci. Jan-baki ke nan. Yaron ya fizgi igiya yana ihu, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya kamar an daka tsawa, suka sauka can gaba kaɗan.

Na ce masa, "Samari, wane ne sarkinsu? Da an harbe shi ai an huta." Ya dube ni ya ce, "Baba, ba su da sarki. In ka kori na gaba, na baya shi ka zama na gaba."

Maganar yaron nan ce ta kawo ni gabanku yau, domin abin da ya faɗa a tsaye a kan rumfarsa shi ne abin da wani reshe na kimiyyar fiziks ya shafe kimanin shekara 30 yana tona asalinsa. Reshen nan yana nazarin abubuwa masu tura kansu da kansu. Dutse sai an jefa shi, ƙura sai iska ta kwashe ta. Amma tsuntsu da kifi da fara da tunkiya da ƙwayar bakteriya da ɗan Adam, kowane yana cin abinci ya juya shi ya zama tafiya. Tambayar masana ita ce: idan aka tara irin waɗannan da yawa a wuri ɗaya, ba shugaba, ba umarni, me zai faru?

Amsa ta farko ita ce tafiya tare. A 1995 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Tamás Vicsek, ya zuba ɗigo-ɗigo a cikin kwamfuta ya ba su doka guda: kowane ya yi ta tafiya da gudu iri ɗaya, ya dubi inda maƙwabtansa suka dosa ya bi, tare da ɗan kuskure irin na mai rai. Idan ɗigon kaɗan ne, ko kuskuren ya yi yawa, kowa sai ya kama gabansa. Da aka ƙara yawansu sai duk suka ɗauki alƙibla ɗaya. Daga baya wasu masana a birnin Rum, cikinsu har da Giorgio Parisi wanda ya samu lambar Nobel a 2021, suka hau rufin wani gidan tarihi kusa da babbar tashar jirgin ƙasa suna ɗaukar hoton wasu baƙaƙen tsuntsaye masu cika sararin birnin lokacin sanyi. A 2008 suka bayyana cewa kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta 6 ko 7 kawai, ko sun matso ko sun yi nisa. Daga bakwai zuwa bakwai labari ke ratsa dubbai. Shi ya sa majajjawar yaro guda ke ɗaga garken da ya rufe rana. Jan-baki kuwa shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da biliyan 1.5, alhali nauyin guda bai wuce giram 20 da 'yan kai ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, manomin shinkafa ya fi kowa sanin haka.

To amma akwai amsa ta biyu, wadda ta fi ɗaure kai, kuma a kanta nake so mu daɗe. Ita ce curewa, wato yadda masu tafiya ke dunƙulewa wuri ɗaya su yi curi.

Mu fara da abin da muka saba. Uwargida, idan kika ɗiga shuni a bahon wanki, bazuwa yake yi har ruwan ya zama launi ɗaya, kuma ba ki taɓa ganin ya tattaru ya koma ɗigo ba. Idan kuma Bafulatana ta kaɗa nono a cikin gora, man shanu yana curewa, amma don yana da danƙo ne, ƙwayoyinsa suna kama juna. Dokar da aka sani ke nan tun zamanin kakannin kimiyya: abin da ba ya kama juna bazuwa yake yi, abin da ya cure kuwa akwai abin da ya liƙe shi. Masu tura kansu sun karya wannan doka. Suna curewa ba danƙo, ba ƙauna, ba kiran juna.

Duk mai kiwo ya ga yadda abin yake. Ku tuna ƙofar garke da yamma, ko wani lungu a ranar kasuwa. Tumaki biyu sun haɗu goshi da goshi, wannan na son shiga, waccan na son fita. Ba wadda ta san ja da baya, kowace turawa take yi gaba. Sun tsaya cak, kuma ba za su rabu ba sai ɗaya ta karkata kai. Idan kafin ta karkata ta uku ta iso ta dafe su, sai ta huɗu, sai ta biyar, to curi ya kafu. Wadda ke tsakiya ko ta juya ba ta da hanya. Ta bakin gefe kaɗai ke iya zamewa, ita ma sai in fuskarta ta kalli waje. Lissafin duka bai wuce wannan ba: masu isowa a minti guda sun fi masu zamewa yawa, ko ba su kai ba? In sun fi, curi ya yi ta girma. In ba su kai ba, ya watse da kansa.

A 2008 masana biyu a birnin Edinbara, Julien Tailleur Bafaranshe da Michael Cates ɗan Birtaniya, suka mayar da wannan lissafi a rubuce. Su ƙwayoyin bakteriya suke tunani, irin waɗanda ke ninƙaya a miƙe na kamar daƙiƙa guda, su yi juyi, su sake miƙewa ta wata fuska. Suka nuna abu biyu da ke ciyar da juna. Mai tafiya ya fi daɗewa a inda gudunsa ya ragu, don haka nan ake taruwa. Inda aka taru kuma nan gudu ke ƙara raguwa. Taro ya haifi jinkiri, jinkiri ya haifi taro, har fili ya rabu biyu: gefe guda cunkus ba masaka tsinke, gefe guda fayau sai 'yan tsiraru na yawo. A 2012 wasu masana a Amurka, Yaouen Fily da Cristina Marchetti, suka gwada a kwamfuta da ƙwallaye waɗanda ba abin da ke tsakaninsu sai ture juna. Tun ƙwallayen ba su cika rabin filin ba suka cure.

Daga nan aka sauko daga kwamfuta zuwa abin da ido ke gani. A birnin Shitutgat na Jamus, a 2013, aka ƙera wasu ƙwallayen gilashi ƙanana ainun, sai ka jera fiye da 200 kafin su kai milimita guda. Aka shafa wa rabin kowace baƙin gawayi, aka zuba su cikin wani ruwa na musamman, aka haska musu fitila. Gefen baƙin ya fi ɗaukar zafi, sai ƙwallon ta riƙa tura kanta gaba kamar mai rai. A ƙarƙashin madubin ƙara girma aka ga suna karo, suna maƙalewa, suna yin curi, na gefe na ɓallewa, wasu na isowa. Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken nan shi ne, da aka ƙara hasken fitila gudunsu ya ƙaru, sai curin ya ƙara girma. Hankali zai ce mai saurin tafiya shi ne zai fi saurin kuɓuta. Ashe saurin nasa shi ke kai shi ga karo da wuri, kuma shi ke danna shi cikin taron da ƙarfi. A shekarar dai, a birnin Niyok, wasu suka yi makamancin haka da ƙwayoyi masu iyo cikin ruwan haidurojin, wannan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti. A kunna shuɗiyar fitila su jeru su cure, a kashe ta su watse. A nasu gwajin akwai ɗan jan juna da sinadarin ke haifarwa, amma tushen ɗaya ne: tafiyar ce ke riƙe da taron.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan mai albasa da ƙwallon gilashi a Jamus? Ruwansa ya zo ranar kasuwar Achida. Na taɓa shafe kusan awa guda a mota a bakin kasuwar nan. Zafi ya ishe ni na sauka na taka da ƙafa don in ga haɗarin da ya tare hanya. Na wuce motar albasa, na wuce amalanke, na wuce 'yan kabu-kabu sun cusa kai ta kowace kafa suna ta oda, na wuce wani dattijo yana jan rago. Na kai ƙarshe ban ga komai ba. Ba motar da ta lalace, ba wanda ya faɗi, hanya fes a gaba. Wanda ya fara taka birki ya daɗe da isa gida. A Japan an gwada wannan da gangan, aka buga sakamakon a 2008: motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowane direba ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Ba a jima ba cunkoso ya ɓullo da kansa, yana kuma ja da baya alhali motocin gaba suke yi. Mu a nan mun ƙara masa gishiri, domin da an ga layi ya tsaya sai kowa ya faɗa hannun masu zuwa, a haɗu goshi da goshi irin na tumakin ɗazu. Ɗan kabu-kabun da ya fi kowa sauri shi ne ya fi kowa ƙulle hanyar.

Yanzu mu koma ga fara, wadda ita ce ta fi sa gaban manomi faɗuwa. Shekaru aru-aru ana ɗaukar cewa farar da ke zaune ita kaɗai a daji daban, farar ɗango mai rufe sama daban. A 1921 wani masani ɗan asalin Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa halitta ɗaya ce mai kama biyu. Idan tana ita kaɗai, launinta na ɓuya ne, tana gudun 'yan'uwanta, da dare take tashi. Idan aka yi ruwa mai kyau a Hamada, a wurare irin su Tamesna da duwatsun Azbin a Nijar, sai ta hayayyafa. Rani na shigowa ciyawa ta bushe, sai 'yan tsibiran kore a ƙoramu, dole duk su taru a nan. A Jami'ar Oksfod, Stephen Simpson da abokan aikinsa suka ɗauki ɗan burushin fenti suna shafar fara a sassan jikinta, suka gano cewa a cinyar baya makunnin yake. A yi ta gogar cinyar nan na kamar awa biyu, sai farar da ke gudun jama'a ta koma mai neman jama'a. A 2009 aka gano cewa wani sinadari mai suna sarotonin ne ke hauhawa a jijiyoyinta ya juya halinta. Kun ga ciyar da junan nan ya sake dawowa, har ya fi na ƙwallon gilashi muni: matsi ya sa son taro, son taro ya ƙara matsi.

An kuma zuba 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba a wani fili mai siffar zobe, a 2006. Suna kaɗan, kowace na sha'aninta. Da aka ƙara sai suka fara tafiya tare, amma jifa-jifa su juya gaba ɗaya. Da suka haura 70 a murabba'in mita guda sai suka ɗauki hanya ɗaya awa da awanni. Bayan shekara biyu aka gano wani abin da ke ingiza su, wato cin naman juna: wadda ta tsaya, ta baya za ta cije ta. Sai dai ilimi ba ya zama wuri ɗaya. A 2025 wasu masana a Jamus, cikinsu har da Iain Couzin wanda da shi aka yi gwajin zoben, suka sake bincike suka ce fara ba daidaita alƙibla take yi da maƙwabta ba kamar ɗigon Vicsek, bin wadda ta hango tana tafiya a gabanta take yi. Wannan ya ƙara mini ganin girmansu, mutum ya fito ya gyara maganar da shi ya faɗa.

Girman abin kuwa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce garken da ya rufe murabba'in kilomita guda yana ɗauke da fara kimanin miliyan 40, suna cinye abincin mutum 35,000 a rana, kuma iska na iya kai su kilomita 150 kafin faɗuwar rana. Manyanmu ba su manta 2004 ba, shekarar da ta mamaye Muritaniya da Mali da Nijar, ta haɗu da fari, a 2005 yunwa ta yi wa yankin Maraɗi da Tawa mummunan kamu. Daga Goronyo zuwa kan iyakar Nijar ba wata tafiya ba ce. Saboda haka aikin da ya fi muhimmanci a yaƙi da fara ba a gonarmu ake yinsa ba. Ma'aikatan da ke fita daga Agadas suna ratsa ƙoramu suna ƙirga fara tun tana ɗai-ɗai, su ne masu tsaron geron Rabah, ko da ba su taɓa jin sunan garin ba. In rashin tsaro ya hana su shiga dajin, mu ma abin ya shafe mu. Haka jan-baki: dam ɗin Goronyo da aka kammala a 1984 ya ba mu ruwan noman rani, ya kuma ba tsuntsu ruwan sha da hatsi a daidai lokacin da irin ciyawar daji, wanda shi ne asalin abincinsa, ya yi ƙaranci. A makwancinsa ake samunsa, inda yake curewa da magariba, kuma manomin da ya san duhuwar da suke kwana ya fi jirgin feshi sanin inda za a dosa. Wanda ya shuka shi kaɗai, shinkafarsa ta nuna ita kaɗai a fadama, ya zama tsibirin koren da kowa zai sauka a kai. Wannan ya isa dalilin da zai sa maƙwabta su haɗa lokacin shuka.

Saura mu, 'yan Adam. Mu muna da niyya da hankali. Garin Wurno kansa da niyya aka tara shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa shi ribaɗi, ya zauna a cikinsa har Allah Ya karɓi ransa a 1837. Amma akwai matsin da idan ya kai, niyya ba ta da sauran aiki, jiki ya zama kamar ƙwallon da ake turawa. Bayan turmutsutsun wajen jifan Shaiɗan na ranar 12 ga Janairun 2006, inda alhazai fiye da 340 suka rasu, wani masani Bajamushe, Dirk Helbing, ya zauna da hotunan bidiyon wurin. Ya ga taron ya bi mataki uku. Da fari tafiya sumul. Sai tafiya da tsayawa, tafiya da tsayawa. Daga nan sai jama'a suka fara tangaɗi kamar ruwan da ake girgizawa a ƙwarya, mutum na matsawa inda bai nufa ba. Alamun sun bayyana mintuna kafin a fara faɗuwa. Aka sake gina gadar wurin jifan hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka tsara wa kowace tawaga lokacinta. A 2015 kuma, a Mina, ayari biyu suka haɗu a mahaɗar hanya, muka rasa 'yan Najeriya fiye da 200, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya karɓi shahadarsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk lokacin da irin wannan ta faru a wajen rabon zakka ko tallafin shinkafa, maganar farko da ake yi ita ce talaka ba shi da haƙuri. Na ƙi wannan magana. Tsohuwar da ke tsakiyar curi ba ta ture kowa ba, na bayanta ma ture shi aka yi, na can ƙarshe kuwa bai san ana mutuwa a gaba ba, shi dai ya ga layi ya ɗan motsa ya taka. Wanda ya tara mutum dubu ya buɗe ƙofa guda, shiga nan fita nan, shi ya shirya lissafin. Alhaji mai niyyar alheri, Allah Ya saka, amma a raba wuraren rabo, a raba lokuta, ƙofar shiga daban ta fita daban, a ajiye mutum a sama yana kallo. Da ya ga an fara tafiya da tsayawa, a dakatar da masu isowa daga nesa, domin daga baya ake sassauta curi, ba daga bakin ƙofa ba.

Malaman makarantunmu kuma, ga darasi a ƙofar gida ba sai da ɗakin gwaji ba. A share fili a zana da'ira, a sa ɗalibai goma su yi ta tafiya a ciki a hankali, kowa ya miƙe, kada ya kauce sai ya ƙirga biyar. A ƙara goma, a ƙara goma, wani ya riƙe agogo yana rubuta lokacin da curin farko ya kafu da yawan waɗanda ke cikinsa.

Ranar da zan baro Wurno na sake gangarawa fadama da la'asar sakaliya. Yaron nan muryarsa ta dishe, tafin hannunsa ya yi ja saboda igiya. Rana na sunkuyawa tsuntsayen suka daina sauka, suka riƙa tasowa daga gonaki ƙungiya-ƙungiya, ƙarama ta faɗa cikin babba, har suka zama igiya guda baƙa ta nufi wata duhuwa a bakin gulbi. Ya nuna mini da haɓa ya ce, "Can suka kwana jiya, can za su kwana yau." Ya sauko ya naɗe igiyarsa, ya zazzage tsakuwar gwangwani guda da ta toshe, muka kama hanyar gari ana kiran magariba.